Zan yi tafiya, wa zan bar wa kyanwata? Tambayoyi da amsoshi

Da zarar an doshi dogon hutun makaranta, ko tashin alhazai ya matso, ko ana shirin zuwa gida yin Sallah, sai wayata ta fara ƙara. 'Yan uwa, maƙwabta a nan Yelwa, har da mutanen Marwa da Kuseri da ban taɓa gani ba, an dai ba su lambata don an san na daɗe ina kiwon maguna a Garwa, a arewacin Kamaru. Tambayoyin ba sa wuce waɗannan, shi ya sa na tattara su wuri guda da amsar da nake bayarwa. Wani abin a bakin likitocin dabbobi na ji shi, wani kuwa a tsakar gidana na koye shi.

Ai mage mai neman na kanta ce. In na sake ta, ba za ta ci ɓera da ƙadangare har in dawo ba?

Ita ce tambayar da aka fi yi mini, kuma wannan tunanin ya halaka maguna da yawa. Kyanwar da ta tashi ana zuba mata a kwano safe da yamma ba muzurun kasuwa ba ce. Takan kama ɓera, gaskiya ne, amma yau ta samu, gobe da jibi ta wuni a bakin rami a banza. Ɓeran unguwa kuma ba abin yarda ba ne. Maƙwabci ya zuba shinkafar ɓera a sito, ɓeran ya ci ya fito yana tangaɗi, shi ne kuwa mai sauƙin kamu, sai gubar ta bi ta cikin magen. Ko abincin ya samu, ina ruwa? A watan Maris da Afrilu, sa'ad da zafin Garwa ke haura digiri 40, babu kududdufi, kwatoci sun bushe, kowa ya rufe randarsa.

Mun san hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, na matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta shayar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Wasu sukan riƙe ƙarshen maganar su ce ai su sun sake ta, sun fita haƙƙi. Ina roƙonsu su dubi inda suka sake ta: doguwar katanga, daɓen siminti, ƙofar ƙarfe da kwaɗo. Irin wannan sakin da tsarewa duk ɗaya ne. Ranar da ka fara zuba mata abinci ta saba da hannunka, ranar ta zama amana a wuyanka, tafiya kuwa ba ta sauke amana.

Kwana nawa za ta iya yi ba wanda ya leƙa ta?

Ɗaya. Idan Lagdo za ka ko Gidar, ka kwana ka dawo, babbar kyanwa mai lafiya za ta zauna da busasshen abinci da ruwa a mazubi biyu ko uku. Daga kwana biyu zuwa sama dole wani ya riƙa zuwa kullum, da bazara kuma sau biyu. Ƙaramar da ba ta kai wata 6 ba, da tsohuwa, da mai shan magani, da mai tsohon ciki, waɗannan ko wuni guda ba a barinsu ba mai dubawa.

Mage na buƙatar ruwa kimanin mililita 50 a kan kowane kilo na nauyinta a rana, wato mai kilo 4 tana son kusan kofi guda, zafi kuma yana ƙara mata buƙata. Jikinta bai kai na kare jure yunwa ba. In ta yi 'yan kwanaki ba ta ci ba, kitse yakan taru a hantarta ya hana ta aiki, kuma mai ƙiba, wadda ake cewa ai tana da ajiya a jiki, ita ta fi shiga wannan haɗarin.

In bar ta a gida ana zuwa dubawa, ko in kai ta gidan goggona?

A gidanta, in dai da hali. Kare mutum yake bi, mage kuwa wuri take riƙewa. Ki lura da yadda take goga kumatunta a ƙafar kujera da bakin ƙofa: ƙamshinta take shafawa, da shi take gane nan nata ne. In kika ɗauke ta kika kai wani gida, kin raba ta da ke, kin raba ta da wurinta, rashi biyu a rana ɗaya. Da yawa sukan shige ƙarƙashin gado su ƙi ci. Wasu da an buɗe ƙofa sai su ɗiba a guje neman hanyar gida, su haɗu da kare, ko babur, ko yara masu jifa. Baƙuwar mage da daddare kuma, balle baƙa, kin san irin camfin da ake yi a kanta.

In ba makawa sai an kai ta, a ware mata ɗaki ɗaya mai iska, a tafi da kwanonta, da tsumman da take kwana a kai, da wani tsohon zanenki da ba a wanke ba. Kada a sake ta tsakar gida sai ta yi aƙalla mako biyu, in kuwa tafiyar ba ta kai haka ba, ta zauna a ɗakin har ki dawo. Ki tambaya tun farko ko akwai kare a gidan, ko wata magen, ko 'yan tsaki da tantabaru. Kada kyanwarki ta cinye wa goggo kiwonta, zumunci ya sami tabo.

Gidanmu gidan yawa ne. Ba sai in ce musu su kula da ita kawai ba?

Kar ki yi. Ni na yi, na kuma ga abin da ya biyo baya.

Wata shekara a watan Afrilu aka sa bikin 'yar yayana a Ngawundare. Lokacin muna gidan haya, iyali biyar a tsakar gida ɗaya. Da asubar tafiya na tsaya da jakata a hannu na ce, "Jama'a, ga Toka nan, don Allah a kula mini da ita." Kowa ya amsa, "Ba komai, Allah ya kiyaye hanya, a gai da amarya." Har zuciyarsu suka faɗa, na sani. Kwana shida na yi. Da na dawo, kaskon ruwanta ya bushe ƙayau har ƙura ta kwanta a ciki, a kwanon abinci akwai wata shinkafa da ta ƙandare, kiyashi sun yi mata layi. A bayan randa na same ta, ta manna cikinta da danshin ƙasa. Na kira sunanta, ta buɗe baki amma kukan bai fito ba. Na ɗaga fatar bayan wuyanta na saki, fatar ta tsaya a tsaye kamar an murɗe tsumma, ta ƙi komawa. Likitan dabbobi ya yi mata ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata, ni kuma kwana uku ina ɗiga mata romon kaza a baki, Allah ya yi da sauran shan ruwanta. Da na bi ba'asi, ba wanda ya ƙi ta. Ta ɗakin farko ta ɗauka ta ɗakin ƙarshe ke zubawa, ita kuma ta zaci yara ne ke yi.

Tun daga nan ba na ba taro amana. Mutum ɗaya nake ba, in kira sunansa, in sa masa kwanon a hannu, in ce, "Inna, ke na ba wa, safe da yamma, daga Talata zuwa Lahadi." Sai in sami na biyu, shi ma in faɗa masa a fili cewa shi ne madadi, in rashin lafiya ko rasuwa ta taso wa na farko.

To wane irin mutum ya dace?

Wanda ba ya tsoron mage kuma ba ya ƙyamarta, yana kusa da gidan, yana da waya, sannan yana da gaskiyar da zai iya ce maka "yau ba ta ci ba" ko da ranka zai ɓaci. Wannan na ƙarshen ya fi sauran wuyar samu, don mu mutane ne masu kara, ba ma son tayar wa matafiyi hankali. Ka ce masa tun farko ka fi son ya tashe ka da tsakar dare da ya ɓoye maka. Ya fara zuwa tun ana saura mako guda, ya zuba mata abinci sau biyu ko uku a gabanka, ta san muryarsa da ƙamshinsa, shi kuma ya san maɓoyarta.

Yaro ƙarami yana da so amma yana da mantuwa, sai da babba a kansa. Mai gadi ya dace in yana da izinin shiga inda take. Almajirin gida kuwa, sau da yawa shi ne ya fi kowa riƙon amana, amma akwai abin da nake son a duba da tsoron Allah. Idan kuka tafi, tukunyar gidan ta sauka, shi ma abincinsa ya yanke. Ba adalci ba ne a damƙa wa yaro mai jin yunwa kifi a ce ya ba mage, shi ya tafi bara. A tanadar masa nasa tukuna, a haɗa shi da maƙwabciyar da za ta riƙa zuba masa, sannan a ba shi amanar.

Biyan kuɗi ba zai zama raini ba, tunda 'yar uwata ce?

Ba raini ba ne. Zuwa gidan wani sau biyu a rana cikin ranar nan aiki ne, in da nisa har da kuɗin babur. Ki kasa kuɗin uku: na abincin mage, na likita in ta kama, da nata na ƙashin kanta. Kada ki haɗa su a dunƙule, don mai kunya ba za ta taɓa ko dala ba, ta yi ta ciyar da kyanwarki daga aljihunta. In kin san za ta ƙi karɓa, ki ce na sabulu ne ko na katin waya, kowa ya san wannan yaren. Ki tabbatar tana da Orange Money ko MoMo don a iya turo ƙari daga nesa. Tsaraba kuma daban take, ba ta maye gurbin haƙƙi.

Wane abinci zan bar mata?

Wanda ta saba ci. Ranar tafiya ba ranar gwada sabon abu ba ce. Idan kina son komawa ga busasshen abincin kanti, wanda ake ce wa kuroket, don shi ne ba ya lalacewa in an ɗauke wuta, ki fara gauraya mata shi kaɗan-kaɗan a cikin na da tun ana saura mako guda. Canji farat ɗaya yana sa gudawa, wata ma ta ƙi shi sam. Ki tuna mai cin busasshe ta fi shan ruwa.

In abincin gida take ci, dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya, karfasa ko tarwaɗar Lagdo, da naman kaza, da dafaffen ƙwai, da 'yar hanta jefi-jefi, duk suna da kyau. Mage nama aka halitta ta ci. Tuwo da shinkafa zalla za su cika mata ciki amma ba za su riƙe ta ba, domin akwai wani sinadari da ake kira taurin wanda daga nama take samunsa, rashinsa na dogon lokaci yana taɓa ido da zuciya. Kada ki dogara da firiji. Gara ki bar kuɗin kifin kullum, a saya a dafa a ranar. Abin da ba ta cinye ba bayan kamar awa guda a kwashe, don zafinmu ba ya barin dafaffen kifi ya wuni.

Ki gargaɗi mai dubawa a kan ragowar miya. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin mage, ga shi babu miyarmu da ba su. Haka kilishi da tsire, yajinsu da gishirinsu ba nata ba ne. Madara kuma, duk da an saba gani ana ba ta, yawancin manyan maguna ba sa narkar da ita, zawo take sa su. In tafiyar ta faɗo a Babbar Sallah, a yi hattara da kitsen layya da ƙasusuwan da aka dafa, suna tsagewa su soke ta.

Maganin kiyashi da cinnaka mai sauƙi ne: a zuba ruwa kaɗan a faranti mai faɗi, a ɗora kwanon abincin a tsakiya.

Yaya za a yi da zafi?

Ruwa a wuri uku, a inuwa, nesa da juna, don in ta ture ɗaya akwai saura. Kaskon ƙasa ya fi roba, yana riƙe sanyi kamar yadda randa ke yi, kuma yana da nauyi. A canza ruwan kullum. A ɗebo jarka guda a ajiye tun kafin tafiya saboda ranar da famfo zai ƙi kawowa.

Ɗaki mai rufin kwano, babu silin, an rufe taga da ƙofa, da azahar tanda ne. Fanka ba abin dogaro ba ce. Dole ta sami inda iska ke ratsawa da daɓe mai sanyi da za ta shimfiɗa cikinta. Kare yakan zaro harshe yana haki ba komai, amma mage in ta buɗe baki tana numfashi sama-sama, yawu na dalala, ta shiga haɗari. A kai ta inuwa, a shafe ta da tsumma mai ruwa, ba ruwan ƙanƙara ba, a kira likita.

Ganguna, bokitai da rijiya duk a rufe. Mage mai ƙishi takan leƙa, ta zame, gefen ganga kuma ba shi da wurin kamawa.

In kulle ta a ɗaki, ko ta riƙa shiga da fita?

Yadda ta saba. Wadda ba ta taɓa fita ba, kada ranar farkonta a waje ta zama ranar da ba ka nan. Wadda ta saba yawon tsakar gida kuma, a bar mata hanya da rana, a shigar da ita da magariba. Dare ne lokacin faɗan muzurai da karnuka, ga kunama, ga kububuwa da ta yi yawa a kwarin Binuwai, balle a unguwannin bakin gari da damina.

Akwai al'adarmu ta fesa maganin sauro ko fiya-fiya a rufe ɗaki kafin tafiya. Ɗakin da mage za ta shiga ba a yi masa haka. Tana lasar jikinta kullum, duk abin da ya sauka a gashinta cikinta zai je. A kwashe maganin ɓera. Ƙofofin ciki a tokare su da dutse kada iska ta bugo ta rufe ta a inda babu ruwa. Kafin ka murɗa makulli na ƙarshe, ka gan ta da idonka. Maguna na son shigewa kabad da sito daidai lokacin da ake haɗa kaya.

Ina za ta yi bayan gida?

Baho mai faɗi da yashi mai laushi ya isa. Mutanen Marwa ma sun huta, ga yashin Mayo Kaliyawo nan a kwance duk rani. A ajiye buhun yashi a gefe, a kwashe ƙazantar kullum, a juye duka bayan 'yan kwanaki. Bahon ya yi nesa da kwanon abinci. Mai juna biyu kada ta yi wannan aikin, don kashin mage na iya ɗauke da ƙwayar cutar toksofilasma mai illa ga ɗan tayi. In babu kowa sai ita, ta sa leda a hannu, ta kwashe a ranar, ta wanke hannu da sabulu, domin ƙwayar sai ta kwana ɗaya ko fiye a waje kafin ta iya kama mutum.

Me zan bar wa mai dubawa a rubuce?

Lokacin abinci da yawansa, inda take ɓoyewa, abin da ba a ba ta, lambarka, lambar madadi, lambar likita. In ba ya karatu, ka yi masa saƙon murya a WhatsApp da zai riƙa komawa yana saurara. Ka roƙe shi hoto ɗaya kullum, magen da kwanon ruwanta a ciki. Ba don zargi ba, mai ɗaukar hoto dole ya nemo ta ya gan ta, nan ne amfanin.

Waɗanne alamu ne za su sa a nemi likita ba a jira ni ba?

In ta wuni ta kwana ba ta ci komai ba. In tana ta amai ko gudawa. In tana numfashi da baki a buɗe, ko tana makyarkyata, ko ta kasa tsayuwa. In dasashinta ya yi fari fat ko ruwan ƙasa. Sai wata da ake yawan rainawa: namiji ya riƙa tsugunawa a yashi yana nishi, fitsari ba ya fita ko yana ɗiga da jini. Mafitsara ce ta toshe, kuma tana iya kashe shi cikin kwana biyu zuwa uku.

Abin da nake maimaita wa duk wanda na ba amana har ya gaji da ji: kada a ba ta maganin mutane. Parasitamol, ko sunansa Doliprane ko Efferalgan, guba ne ga mage, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta, don hantarta ba ta iya sarrafa shi. Da tausayi ake ba ta, an ga jikinta ya yi zafi, alhali zafin jikin mage mai lafiya ma digiri 38 zuwa 39 ne, ya ɗara namu. Maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin permetrin, da ruwan wankan kaskar shanu, su ma ba a shafa mata.

Ka nemo likitan tun kana gida. Ofisoshin ma'aikatar kiwo, MINEPIA, suna da ma'aikatan lafiyar dabbobi, akwai kuma masu zaman kansu a manyan garuruwa. Jami'ar Ngawundare na da makarantar koyon likitancin dabbobi, a Bokle kusa da Garwa kuma akwai LANAVET, ɗakin binciken da ke haɗa alluran rigakafin dabbobi tun shekarun 1980. Sai dai yankinmu na shanu da tumaki ne, don haka ka tambaya takamaimai wa ya saba duba maguna, ka kai masa ita sau ɗaya ya san ta.

In ta ciji mai dubawa ko ta yaƙushe shi fa?

Ko kyanwar Lami ce, wadda ba ta cizo ba ta yaƙushi, in ta tsorata a hannun baƙo za ta kare kanta. Shi ya sa ba na ba kowa amanar magen da ba a yi wa allurar ciwon haukan kare ba. Cutar na kama maguna, tana nan a ƙasashenmu, kuma da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, kusan ba a tsira. Ana yin allurar daga wata 3 da haihuwa, a riƙa sabuntawa yadda likita ya rubuta a kati, tana kuma ɗaukar kimanin mako uku kafin ta kama jiki, don haka ba ana gobe tafiya ake yi ba. A Njamena, gagarumin rigakafin karnuka da aka yi a 2012 da 2013 ya rage cutar ƙwarai a birnin, abin da ya nuna allurar na aiki in an yi ta. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ce ranar yaƙi da cutar a duniya, lokaci ne mai kyau na duba katin.

In cizon ya faru, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, a tafi asibiti a ranar, a tafi da katin magen. A Garwa akwai reshen Centre Pasteur, cibiyar gwaji da binciken cututtuka. Kada a kashe magen kuma kada a kore ta, a tsare ta ana ciyar da ita, likitan dabbobi ya sa mata ido aƙalla kwana 10.

Tana da ciki, ko ta haihu kwanan nan.

Cikin mage kwana 63 ne zuwa 65, ki ƙirga. In haihuwar za ta faɗo a bayanki, ki tanadi kwali da tsummoki a lungu mai duhu, ki ƙara mata abinci, mai shayarwa takan ci ninkin na da ko fiye. A hana yara ɗaukar jariran. Kada a raba su da uwar kafin mako 8. In uwar ta ɓace, jarirai sai an ba su madarar da ta dace duk bayan awa biyu zuwa uku, dare da rana, wannan kuwa ba aikin da ake ɗora wa maƙwabci ba ne ba tare da ya sani tun farko ba. In kuma aikin hana haihuwa kike son yi mata, a yi shi da saura mako biyu ko fiye, ɗinkin ya warke a gabanki.

Me zai hana in tafi da ita?

Don hutun mako ɗaya ko biyu, wahalar ta fi amfanin. Garwa zuwa Ngawundare kusan kilomita 280 ne a mota, in Yawunde za ka kuma ga kwanan jirgin ƙasa a gaba. In dai ƙaura ce ko zaman watanni, to sai a kwandon roba mai murfi da ramukan iska, a gabanka, ba a but ba, ba a saman mota cikin kaya ba. Ka tambayi kamfanin motar dokarsu kafin ka yanki tikiti. Kada a buɗe kwandon a tasha ko da tana kuka, kada kuma a ba ta maganin barci sai da izinin likita. Mai tsallaka iyaka, Yola za shi ko ta gadar Ngeli daga Kuseri zuwa Njamena, ya riƙe katin rigakafi da takardar shaidar lafiya daga likitan dabbobi na gwamnati.

Hajji zan tafi, wata guda ko fiye.

Allah ya sa karɓaɓɓe ne. Wata guda ya yi wa mutum ɗaya yawa, Alhaji, a sami biyu su riƙa karɓa-karɓa mako-mako, ko ma wani ɗan uwa ya tare a gidan. Kuɗin abinci a bar shi a hannun babba mai ba da na kowane mako. Kuma tunda maniyyaci yakan zauna ya rubuta basussukansa da wasiyyarsa kafin ya hau jirgi, ya ƙara layi ɗaya: in Allah ya yi masa cikawa a can, wa zai riƙe magen. Ya tambayi mutumin, ya ji amsarsa da kunnensa.

An bugo mini waya an ce ba a gan ta ba.

A fara da cikin gida: sito, silin, bayan kabad, ƙarƙashin mota, ɗakunan da aka kulle. Mage mai tsoro ba ta cika yin nisa ba, tana iya laɓewa a gida na biyu ko na uku tana jin ana kiranta ta yi shiru. A fita nema bayan isha'i ko da asuba sa'ad da unguwa ta yi tsit, a riƙa kaɗa kwanonta. A ajiye tsummanta da ɗan yashinta a bakin ƙofa. A nuna wa yaran unguwa hotonta, a yi musu alkawarin tukwici in sun nuna inda take, amma a ce kada su bi ta da gudu. A leƙa rijiyoyin maƙwabta.

Na dawo, ta ƙi kula ni. Fushi take yi?

Ƙamshinki ne ya canza, kin zo da na mota da na wani gari. Ki shimfiɗa tabarma ki zauna, kada ki bi ta, za ta zo da kanta, wata cikin awa guda, wata sai gobe. In ta zo, ki shafa ta kina lalube: haƙarƙari sun fito ne, akwai kaska a kunne ko tsakanin yatsu, akwai kumburi ko rauni a gindin wutsiya daga faɗan muzurai. Ki duba yashinta na kwana biyu. Ki sallami mai dubawa a ranar, ki tambaye ta abin da ya ba ta wahala don a gyara a tafiya ta gaba.

Toka, har ta tsufa, ba ta taɓa tarye ni a ƙofa ba. Sai na buɗe akwati na fara fitar da tsaraba, in juya in same ta a ciki, ta naɗe a kan zannuwana tana gurnani.